Mita biyu a kafa biyu: B210, LimeSDR, na'ura biyu a agogo ɗaya, ko X310?

Ka haɗa na'urarka ta SDR mai kafar watsawa biyu, wato rediyon nan da manhajar kwamfuta ke sarrafawa. Ka ce kafa ta farko ta fita a kan MHz 868.1, ta biyu a kan MHz 869.525, mitoci biyu da duk mai aiki da LoRaWAN na Turai, wato tsarin sadarwar ƙananan na'urori daga nesa, ya sani. Manhaja ta karɓi umarni ba gardama, ba ta nuna kuskure ko ɗaya ba. Da ka kunna na'urar kamawa ka duba, sai ka tarar wajen 868.1 fayau, siginonin biyu kuma sun hau kan juna a 869.525. Ka juya tsarin umarnin, ka fara da kafa ta biyu ka ƙare da ta farko, sai duk suka koma 868.1. A nan ne mutane ke fara zargin kebul, wasu su goge manhaja su sake sawa, wasu ma su ce jabu aka sayar musu. Alhali na'urar lafiyarta ƙalau, abin da aka ƙera ta don shi take yi.

Kowace na'urar watsawa irin wannan tana da abin da zan kira uwar mita, masu sana'ar kuma LO suke ce mata. Kwamfuta kan shirya sigina a can ƙasa, kusa da sifili, uwar mita ce ke ɗaukar ta ta kai ta sama inda za ta fita ta eriya. Aisin (IC, wato ƙwayar lantarki) AD9361 na kamfanin Analog Devices, wanda ke cikin USRP B210 da bladeRF 2.0 micro, yana da kafar watsawa biyu da ta kamawa biyu, amma uwar mita biyu kacal gare shi, ɗaya ta watsawa, ɗaya ta kamawa. Ƙaninsa AD9363 da ke cikin ADALM-Pluto haka yake. LMS7002M na cikin LimeSDR shi ma haka, SXT ta watsawa, SXR ta kamawa. Kafa biyu, uwa ɗaya. Duk kafar da ka ba wa umarni daga ƙarshe, ita ce ta ja uwar, 'yar'uwarta kuma dole ta bi. Taura biyu ba ta taunuwa.

Kada ka ɗauka rowa ce ta sa aka yi hakan. An ƙera waɗannan aisi ne don tsarin MIMO, irin na LTE, wato 4G na wayar salula, inda eriya biyu ke watsawa a mita ɗaya, kuma ake so igiyoyin biyu su riƙa tafiya taku ɗaya ba tare da ɗaya ta zame wa ɗaya ba. Ga mai wannan aikin, uwa ɗaya ita ce babbar ni'ima. Haka kuma idan abin da kake so shi ne ka watsa a wata mita ka kama a wata, ba ka da matsala tun farko, domin uwar watsawa da ta kamawa kowace cin gashin kanta take. Damuwar ta mai son watsa abu biyu ne a mita biyu a lokaci guda.

Kafin ka fidda ko sisi, tambaya ɗaya ce za ta raba maka gardama: tazara nawa ce tsakanin mitocin biyu? Idan 'yar kaɗan ce, MHz 1, ko 5, ko ma 15, na'ura ɗaya mai uwa ɗaya ta ishe ka, dabara kawai ta rage. Idan kuwa 433 da 868 kake nufi, ko 900 da 2400, babu kod ɗin da zai fitar da kai, sai ka nemi uwa ta biyu, ko dai a na'ura ta biyu, ko a babbar na'ura mai uwa biyu.

Bari mu fara da dabarar, domin ita ce mafi yawan mutane ke buƙata, kuma a nan ne na'urorin suka fi bambanta. Ka ajiye uwar mita wuri ɗaya, ka daina taɓa ta. Sannan ka tura kowace sigina gefe da lissafi tun tana ƙasa, kafin ta isa wurin uwar. Abin da ke yin wannan turin shi ake kira NCO. Muhimmin abu shi ne inda yake zaune: a cikin na'urar, ko kuwa kwamfutarka ce za ta ɗauki nauyin?

A B210, wadda Ettus Research ya fitar a 2013, kowace kafa tana da nata NCO a cikin FPGA ɗin Spartan-6, wato aisin da ake iya sake tsara aikinsa da kod. Manhajar UHD, wadda ke sarrafa na'urorin USRP, ta raba kowane umarnin mita gida biyu, rf_freq na uwar mita da dsp_freq na turin lissafi. Abin da za ka yi shi ne ka shirya tune_request ga kowace kafa, ka rubuta mitar da kake so ta fita, ka sa rf_freq_policy a POLICY_MANUAL da lamba iri ɗaya a kafofin biyu, sannan ka bar dsp_freq_policy a POLICY_AUTO. Ina jaddada wannan na ƙarshe, saboda alamar ƙari da ragi ta dsp_freq a wajen watsawa kishiyar ta wajen kamawa ce. Wanda ya rubuta lambar da hannunsa sau da yawa yakan tsinci siginarsa a ɗaya gefen uwar, tazarar daidai, alƙiblar a juye. Bar UHD ta yi lissafin, ta fi ka sanin alamar.

Iyakar turin tana hannun agogon da ake kira master_clock_rate. Da kafa ɗaya B210 na iya kai shi MHz 61.44, amma da kafa biyu ba ya wuce 30.72. A lissafi, ke nan kowace kafa na iya nisa da uwar har MHz 15.36 sama ko ƙasa. A aikace bakin zangon ba wurin zama ba ne, matatun ciki, masu tace mitocin da ba a so, sun fara cin sigina tun kafin a kai can. Ni dai idan tazarar mitocin biyu ta haura MHz 20, na fara tunanin wata hanyar. Ka rubuta agogon da kanka a 30.72e6 maimakon ka bar manhaja ta zaɓa, kuma ka ɗauki yawan samfuri (lambobin da ke wakiltar sigina) da zai raba shi ba saura, kamar miliyan 1.92 ko 3.84 ko 7.68 a daƙiƙa. Idan rabon ya faɗa lamba mara, UHD za ta yi maka gargaɗin cewa gefunan siginar za su lanƙwashe, kuma gaskiya take faɗa. Sai matatar da ke gab da mafita, wadda set_tx_bandwidth ke saitawa. Mutum zai ce siginata kHz 125 ce, sai ya ƙuntata matatar daidai da haka, ya manta ya tura siginar MHz 3 gefe. Abin da zai gani shi ne sigina a inda ya dace amma ba ƙarfi, ya yi ta ƙara wuta a banza. Faɗin matatar dole ya rufe ninki biyu na turin da ya fi nisa, har da ɗan rara.

To a ina za a ajiye uwar? Hankali zai ce a tsakiya, wato MHz 868.8125 a misalinmu, kowa ya samu rabi. Kada ka yi haka. Waɗannan aisi duka suna ɗaga sigina ne kai tsaye daga sifili zuwa sama, kuma wannan tsari yana da tabo biyu da ba a raba shi da su. Na farko yoyon uwar mita, wani siririn layi da ke fita a daidai mitarta. Na biyu inuwa: duk siginar da ke sama da uwar da wata tazara tana da raunanniyar inuwa a ƙasa da ita da wannan tazarar. Idan uwar na tsakiya cif, inuwar kafa ta farko za ta sauka daidai kan mitar kafa ta biyu, ta biyu ma ta rama. Muddin ƙarfinsu ɗaya ne, wataƙila ba za ka lura ba. Ranar da ka rage ƙarfin ɗaya sosai don gwada yadda na'urar kamawa ke jure maƙwabci mai ƙarfi, inuwar ce za ta ɓata maka sakamakon, kai kuma ka ɗora laifin a kan na'urar da kake gwadawa. Gara ka ajiye uwar a MHz 866, ƙasa da su duka. Kafa ta farko ta tafi sama da MHz 2.1, ta biyu da 3.525. Inuwowin za su faɗa 863.9 da 862.475, yoyon ya tsaya 866, duk a gefe guda inda ka san da su, kuma matata ta waje za ta iya rage su.

Wata riba ta B210 da ba a cika ambata ba ita ce sauƙin da take yi wa USB. Tunda turin a cikin FPGA ake yi, kwamfuta na aika samfuri miliyan 1.92 ne kawai ga kowace kafa. Kowane samfuri bayit 4, jimilla ke nan megabayit 15 da 'yan kai a daƙiƙa, abin da tsohuwar laftof ma za ta ɗauka. Da kwamfutar ce ke turin a kan miliyan 30.72, da megabayit 245 ake magana. Idan ka ga harafin U yana zubowa a allonka, ma'anarsa kwamfuta ta gaza kai samfuri a kan kari, na'urar ta zauna hannu rabbana, siginar kuma ta yi ta yankewa tana watsa datti a zangon da ke kewaye.

LimeSDR mai USB, wadda kamfanin Lime Microsystems na Ingila ya tara kuɗin ƙera ta a Crowd Supply a 2016, ita ma tana da NCO ga kowace kafa, nata ma a cikin aisin LMS7002M yake, kuma kowane yana iya riƙe mitoci 16 da za ka riƙa sauyawa tsakaninsu. A LimeSuite, manhajar Lime, LMS_SetNCOFrequency da LMS_SetNCOIndex ne ke wannan aikin. A SoapySDR, manhajar da ke aiki da SDR iri-iri, an raba mitar gida biyu, RF ta uwar, BB ta NCO. Nisan turin ya dogara ne da ninkin samfurin da ka zaɓa a LMS_SetSampleRate, wanda ke kaiwa har 32, don haka tana iya ba ka fili mai faɗi ko da abin da ke bin USB kaɗan ne. Ta kuma fi B210 sauka ƙasa, tana farawa daga kHz 100 ta tsaya GHz 3.8, ita kuwa B210 daga MHz 70 zuwa GHz 6. Inda Lime ke neman haƙurinka shi ne gyaran ciki. Yoyo da inuwa a wurinta sun dogara ƙwarai da LMS_Calibrate, kuma sai ka kira shi bayan ka gama saita uwar, NCO, matata da ƙarfi, ka sake kira idan ka canja ɗaya daga cikinsu sosai. Kowace kafa kuma tana da mafita biyu a jikin fanel, BAND1 da BAND2, manhaja ce ke zaɓa. Mutum zai ɗaura kebul a TX1_1 alhali manhaja ta buɗe TX1_2, ya wuni yana neman siginar da ke fita ta ƙofar da bai tsare ba. A kula, LimeSDR Mini kafa ɗaya ce da ita duk da aisin iri ɗaya ne, ba ta cikin wannan lissafin.

Da za a ce in zaɓa tsakanin biyun, B210 zan ɗauka idan aikin na bincike ne da za a rubuta sakamakonsa, domin UHD da GNU Radio, manhajar harhaɗa sigina a kwamfuta, sun daɗe tare, kuma kusan duk ramin da za ka faɗa wani ya riga ka ya bar bayani. Lime zan ɗauka idan kuɗi ya yi ƙaranci, ko aikin yana ƙasa da MHz 70, kuma ina da lokacin zama da ita.

bladeRF 2.0 micro ta kamfanin Nuand aisinta ɗaya da B210, amma FPGA ɗinta yadda take zuwa ba ta da NCO na kowace kafa, sai kwamfuta ta yi turin, USB 3.0 ya ɗauki lodin. Mai iya rubuta kod ɗin FPGA zai ji daɗinta, musamman nau'in xA9 mai fili da yawa. Pluto kuwa, daga Rev C ne aka fito da kafa ta biyu a kan 'yan ƙananan mahaɗan U.FL a cikin akwatin, sai an kunna ta da saitin 2r2t. USB 2.0 ne gare ta, samfuri miliyan kaɗan yake iya jurewa ba yankewa, a raba wa kafa biyu kuma. Idan siginar da za ka watsa mai maimaita kanta ce, kana iya loda ta sau ɗaya a ƙwaƙwalwar na'urar ta riƙa juyawa, USB ya huta. Don koyo, ban san abin da ya kai ta araha da amfani ba. Don mitoci biyu masu nisa da bayanai masu sauyawa, za ta wahalar da kai.

Akwai tambayar da ya kamata ka yi wa kanka a nan: anya kafa biyu kake buƙata? Idan siginonin biyu za su bi eriya ɗaya, kana iya haɗa su a kwamfuta ka fitar ta kafa ɗaya. Farashin hakan shi ne sai ka rage kowace da dB 6 don kada jimillarsu ta bugi rufi, kuma duk amfilifayar da suka bi tare za ta haifi 'ya'yan da ba ka nema ba. Da sigina a 868.1 da wata a 869.5, za ka gan su a 866.7 da 870.9. Kafa biyu, kowace da amfilifayarta, ita ke kauce wa wannan.

Yanzu mu koma ga mai tazara mai nisa. Hanya mafi sauƙin kuɗi ita ce na'ura biyu, kowace da uwarta: B200 biyu (ƙanwar B210 ce mai kafa ɗaya), ko Pluto biyu, ko HackRF One biyu. Kowace ta tafi inda ta ga dama, 433 a nan, 2400 a can. Sai dai ka rasa wani abu da na'ura ɗaya ke ba ka kyauta, wato agogo ɗaya. Kiristal ɗin B200 da B210 na iya kaucewa da kashi 2 cikin miliyan. A na'ura ɗaya kafofin biyu tare suke kaucewa, tazarar MHz 1.425 da ke tsakaninsu ba za ta gurɓata da abin da ya kai Hz 3 ba. A na'ura biyu, ɗaya na iya yin gabas ɗaya yamma, bambancin ya kusan kHz 3.5 a zangon 868. Kiristal ɗin Pluto kashi 25 ne cikin miliyan, wato har kHz 60 a GHz 2.4. Masu rediyon sha'awa da ke aika murya ta QO-100, na'urar maimaita sigina da ke kan tauraron ɗan'adam Es'hail-2 na Qatar da aka harba a Nuwamban 2018, sun san wannan ciwon, domin faɗin da aka yarje wa murya a can kHz 2.7 ne kawai. Tauraron yana tsaye a digiri 25.9 gabas, ana samunsa daga Najeriya da Nijar, kuma wanda ya kunna Pluto a ɗakin da ba sanyi a watan Afrilu a Sakkwato ko Maraɗi zai ga mitar tana tafiya yayin da akwatin ke ɗaukar zafi. Ko wace na'ura ce, ka ba ta minti 15 zuwa 20 ta ɗumama kafin ka yarda da awonta.

Maganin shi ne a shayar da na'urorin biyu daga agogo ɗaya na MHz 10, a ƙara da bugun PPS, sau ɗaya a daƙiƙa, idan ana so su fara watsawa tare. B200 da B210 suna da mashiga daban ga kowanne. B200mini mashiga ɗaya gare ta, ko agogo ko bugu, ba duka ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya canja maka zaɓi. Akwatin raba agogo mai suna OctoClock na raba duka biyun ga na'ura 8, wani nau'insa ma da GPS a ciki. HackRF One ta Michael Ossmann tana da mashigar agogo CLKIN da mafitarsa CLKOUT, sai ka ja kebul daga ɗaya zuwa ɗaya, amma a sabuwar manhajar cikinta sai ka kunna CLKOUT da kanka. Ita HackRF bit 8 ce, sauran bit 12, kowane bit kuwa kusan dB 6 ne na tsabtar sigina, ga shi ba ta watsawa da kamawa a lokaci guda. Bayan ka ɗaura agogon, ka gaya wa manhaja ta koma kansa, sannan a UHD ka tambayi ref_locked, mai gaya maka ko ta kama agogon. Kebul a ɗaure ba shaida ba ne cewa na'urar ta kama.

Abin da agogo ɗaya ba zai ba ka ba shi ne taku. Mitocin za su daidaita, amma duk lokacin da ka sake saita uwar, inda igiyar kowace na'ura za ta faro daban ne. Ga mai mita biyu masu nisa wannan ba damuwa ba ce, don igiyoyin da mitarsu ta bambanta dama ba sa tafiya taku ɗaya. Damuwar ta wanda yau yake son mita biyu, gobe kuma yana son karkata sigina da eriya biyu a mita ɗaya. Ka sani kuma UHD ba ta haɗa B200 biyu su zama na'ura ɗaya a kod, sai ka buɗe kowace da lambarta ka daidaita lokacinsu da kanka.

Sai babbar yaya, USRP X310. Ita gurbi biyu ne da ita na ƙananan fanel, kowane da uwar watsawarsa da ta kamawarsa. Ka sa UBX-160 biyu, kowace kafa ta yi yawonta daga MHz 10 zuwa GHz 6 da faɗin MHz 160, agogo ɗaya, akwati ɗaya, kod ɗaya. Da umarni mai lokaci, set_command_time, kana iya sa kafofin su sauya mita a lokaci guda cif, kuma da UBX ko SBX takunsu ya dawo yadda yake bayan kowane sauyi. A B210 irin wannan umarnin yana aiki a kan NCO, amma ba ya kama uwar mitar AD9361. Idan wasu ƙananan layukan datti sun dame ka kusa da sigina, akwai mode_n=integer da ke rage su. Nauyinta kuma a fili yake. Kuɗinta da fanel biyu ya ninka na B210 sau da yawa. Cikakken gudunta samfuri miliyan 200 ne a daƙiƙa, megabayit 800 ga kafa ɗaya, sai da katin Ethernet na gigabit 10. A kan na gigabit 1 miliyan 25 kawai za ka samu. Tana son wutarta daban, alhali B210 na iya rayuwa da USB na laftof, abin da mai aiki inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa ba zai raina ba. Ɗakin gwaji na jami'a da ke da aikin shekaru a gabansa ya cancanci X310. Ɗalibi mai aikin kammala karatu ɗaya, ban ga dalili ba.

Wata babbar USRP ɗin, N310, tana da tarkon da ya kamata a sani. Kafa huɗu ce, amma aisin AD9371 biyu ne a ciki, kowane da kafa biyu masu uwa ɗaya. Kafa 0 da 1 'yan ɗaki ɗaya ne, 2 da 3 ma haka. Mai son mita biyu masu nisa sai ya ɗauki 0 da 2. Wanda ya ɗauki 0 da 1 ya dawo matsalar da muka faro da ita, bayan ya kashe kuɗi mai yawa.

Duk wadda ka zaɓa, kada ka gamsu da lambar da manhaja ta maido maka, gani ya kori ji. Ƙaramar RTL-SDR, wadda ke kamawa daga wajen MHz 24 zuwa 1700 da ɗoriya, ta isa shaida a zangon 433 da 868. Ka haɗa ta da kebul ta cikin abin rage ƙarfi na dB 30 ko 40, kada kai tsaye, don kada ka ƙona ta, kuma don ita ma idan sigina ta yi mata yawa takan ƙirƙiro layukan ƙarya. Ka watsa sauti ɗaya tak a kowace kafa, ka kashe ɗaya ka ga wanne layi ya ɓace. Yanayin kuskuren da kansa yake faɗin sunansa. Siginoni biyu a wuri ɗaya, umarnin ƙarshe ne ya ja uwar. Sigina a ɗaya gefen uwar, alamar turin ce ta juye. Duka biyun sun goce da 'yan kHz zuwa gefe ɗaya, kiristal ne. Tana inda ya dace amma ba ƙarfi, matata ce ko mafitar da ba ita ba. Layin da ya ƙi motsi duk yadda ka canja NCO, yoyon uwar ne. Idan kuma ka yi tsalle da uwar fiye da MHz 100 a AD9361, manhajar kan sake gyaran ciki, don haka ka ɗan jira, ka duba lo_locked ka ga ko uwar ta zauna, kafin ka fara aika samfuri.

Akwai ruɗin da ya fi waɗannan duka kama mutane, kuma masu gwada 433 da 868 a na'ura mai uwa ɗaya yake kamawa. Uwar ta tsaya a 433.92, mutum ya leƙa zangon 868 ya ga layi a 867.84, ya yi murna cewa kafa ta biyu ta kusa daidaita, 'yar gyara ta rage. Wannan layin ninki biyu ne na 433.92, daga siginar ƙasan yake fitowa. Ka matsar da ta ƙasan da kHz 100, za ka ga na saman ya matsa da 200. Ninki uku ya fi ma ƙarfi a irin waɗannan na'urori, mai watsawa a 145 zai tarar da kansa a 435. Shi ya sa ba a ɗaura amfilifaya da eriya a bakin SDR sai da matata a tsakani, kuma shi ya sa duk gwajin nan a cikin kebul ya kamata ya ƙare. Fita iska sai da lasisi, kuma mitocin LoRaWAN da na kawo misali da su tsarin Turai ne, ka binciki abin da hukumar sadarwar ƙasarka ta yarje, NCC a Najeriya, ARCEP a Nijar.

Da wani zai zo mini yau da kuɗinsa a hannu, zan ce ya rubuta mitocinsa biyu a takarda ya ɗebe ƙaramar daga babbar. Idan amsar ba ta kai MHz 20 ba, ya sayi B210, ko LimeSDR idan aljihu ya matsa, ya ajiye uwar inda ba tsakiya cif ba, ya yi aiki da NCO. Idan ta haura, kuma siginoninsa ba su da faɗi, B200 biyu da agogon MHz 10 ɗaya da bugun PPS za su yi masa, ya haɗa kuɗin kebul biyu masu tsawo ɗaya a lissafinsa. X310 sai idan yana buƙatar faɗin da ya wuce MHz 56, ko takun da zai dawo daidai bayan kowane sauyin mita. Wanda kuma ya riga ya mallaki B210 sannan ya gano 433 da 868 yake so, kada ya sayar da ita. Ya ƙaro B200 ɗaya, ya shayar da su daga agogo ɗaya, kafar B210 ta biyu kuma ta zauna a ajiye don ranar da aikin MIMO zai taso.